Gidan Caushesku da Buhunan Takin Yayana

Mu da muka yi ƙuruciya a kudancin ƙasar Katsina wajen ƙarshen shekarun 1970, a bakin 'yan PRP muka fara jin kalmar gurguzu, ranar kasuwa, daga bayan akori-kura mai lasifika ɗaure a jikin gora. A lokacin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kuma a zaɓen 1979 jihar ta faɗa hannun Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, wanda ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Abu na farko da talaka ya ji a jikinsa shi ne soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Yaran yanzu ba za su gane girman wannan ba, don ba su ga magidanci mai furfura zaune cikin rana a ƙofar gidan dagaci saboda cikon kuɗin haraji ba, ba su kuma ga Bafulatani yana kora shanunsa cikin daji da tsakar dare don gudun masu ƙidaya ba. Mahaifina manomin auduga ne a wani ƙauye yamma da Ƙanƙara. Bai taɓa yankar katin jam'iyya ba har ya koma ga Allah, amma idan aka ambaci Malam Aminu Kano, jagoran PRP, a gabansa sai ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a.

Saboda haka abin da muka ɗauka gurguzu yake nufi shi ne a bar talaka ya sarara, a kai ɗansa makaranta, a sayar masa da taki da araha, kuma idan shi da ɗan sarki suka je gaban alƙali a saurare su daidai. Ƙasashen da ake cewa suna bin wannan tsari kuwa, a rediyo kawai muke jin su. A lokacin gidan rediyon Masko yana da sashen Hausa, na Sin ma haka, kuma idan suna ba da labarin gonakin haɗin gwiwa da asibitocin kyauta sai ka ga samari sun yi tsit. Romaniya ma mun san sunanta sama-sama, domin shugabanta ya zo Nijeriya a 1977, zamanin Janar Obasanjo.

Mulkin Balarabe bai yi nisa ba. Majalisar jiha tana hannun NPN, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, daga ƙarshe ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Soja suka dawo a ƙarshen 1983. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta zube, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, manomi ya koma hannun 'yan baranda. Aka ba mu Jihar Katsina a Satumbar 1987, muka yi murna, amma murnar ba ta rage kuɗin mudun masara ba. Ni a lokacin na fara koyarwa a wata firamare a ƙasar Faskari, albashin ba ya kai tsakiyar wata. A wannan yanki namu na auduga da masara, tun bayan da Shirin Raya Noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya saba wa mutane da takin zamani, babu abin da ya kai buhun taki daraja a farkon damina. Wanda ke riƙe da makullin siton taki ya fi mai unguwa jama'a a ƙofar gida.

Yayana ne ya riƙe irin wannan makulli a ɗaya daga cikin wuraren rabon. Ba babban ma'aikaci ba ne, littafi ne a hannunsa da biro da makulli, amma daga ranar da labarin ya bazu zauren gidanmu bai sake zama babu baƙo ba. Dangin da rabonmu da su tun rasuwar kakarmu suka tuna da hanya. Wanda ba zan manta ba shi ne zuwan Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, daga ƙasar Sabuwa. Ya iso da sassafe a kan babur, ruwan farko bai daɗe da sauka ba, ƙafar wandonsa duk taɓo, ga zabi biyu ɗaure a bayan babur ɗin. Bayan an gaisa an sha koko, sai ya dubi Yaya ya ce:

"Kai ɗan nan, ba dogon zance ya kawo ni ba. Buhu ashirin nake so, kamfa goma, sufa goma."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, rabon kowane magidanci buhu biyu ne, kuma kai ba a nan sunanka yake ba. Amma na sayi biyu da kuɗina a kasuwa, suna ɗaki, naka ne."

Kawu ya ajiye ludayi. "Au, ni ne kowane magidanci? Wa ya kai ɗan maraƙinsa kasuwar Sheme ya sayar, ranar da ubanka ya rasa kuɗin motar da zai kai ka makaranta?"

Gaskiya ya faɗa. Shi ne ya sayar da maraƙin, duk gidan mun sani. Yaya bai ce komai ba, hawaye kawai na gani a idonsa. Kawu ya tashi ya kwance zabin ya jefar da su a tsakar zaure, ya hau babur ya tafi ko sallama bai yi wa Inna ba. Da daddare na ji Inna tana ce wa Yaya, "Ka kunyata ni a gidanmu. Da wane ido zan dubi matansa?" Da aka yi wa Yaya haihuwa a kakar wannan shekarar, babu wanda ya zo suna daga ɓangaren Kawu. Kowa ya san ba gonarsa ce za ta cinye buhu ashirin ba, yawancinsu kasuwa za su tafi a sayar da ninkin kuɗinsu, kuma buhu goma sha takwas ɗin nan rabon magidanta tara ne da ke zaune a layi tun asuba. Amma a cikin dangi babu mai kawo zancen waɗannan taran, don babu wanda ya san fuskarsu.

Ana cikin wannan ɗacin ne Disambar 1989 ta zo. Mun samu hutu na koma Ƙanƙara, hunturu ya kankama, ana ta kai auduga fuloti. Kullum bayan sallar isha'i mukan taru a teburin wani mai shayi, a hura wutar karan dawa, a ɗora rediyo a kan benci, a riƙa juya shi tsakanin Landan da Jamus da Muryar Amurka. Tun watan Nuwamba ake jin abin mamaki, an fasa katangar Balin, gwamnatocin kwaminisanci na gabashin Turai suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, galibi ba tare da jini ba. Sai aka zo kan Romaniya. Ranar 16 ga Disamba rikici ya ɓarke a birnin Timishwara a kan yunƙurin korar wani limamin coci, aka buɗe wa mutane wuta. Shugaban ƙasar, Nikolae Caushesku, ya tafi ziyara Iran ya dawo, ranar 21 ga wata ya tara dubban mutane a Bukarest don ya yi musu jawabi, sai taron ya fara yi masa ihu, ana nunawa a talabijin. Washegari shi da matarsa Elena suka tsere daga rufin ginin jam'iyya a jirgi mai saukar ungulu. Ba su yi nisa ba aka kama su a Targobishte. Ranar 25 ga Disamba wata kotun soja ta zauna kamar awa guda, ta yanke musu hukuncin kisa, aka fitar da su tsakar bariki aka harbe. Fiye da mutum 1,000 ne suka mutu a waɗannan kwanaki.

Mun saba da juyin mulki, mun kuma saba da jin an harbe mutane a kan turke. Abin da ya tsayar da hira a teburin nan shi ne har da matar aka harbe, sannan a kwanakin da suka biyo baya kullum sai an ambaci wani mai suna Caushesku da aka kama, kuma kowanne da babban muƙami. Mai shayin ya ce, "Wai su nawa ne a gidan nan?" Amsar ta zo mana kaɗan-kaɗan, daga rediyo da jaridun da ake kawowa daga Funtuwa, sauran kuma na karanta daga baya.

Mutumin nan ɗan talaka ne tilis. An haife shi a 1918 a wani ƙauye mai suna Skorniceshti, a gidan ƙaramin manomi mai 'ya'ya da yawa. Yana ɗan shekara 11 ya tafi Bukarest wajen yayarsa ya shiga koyon ɗinkin takalmi, a can ya faɗa harkar 'yan kwaminis, ya sha ɗauri, a kurkuku ya shaƙu da Georgiyu-Dej wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar. Da Dej ya mutu a 1965 sai ya gaje shi. Da farko har yabonsa ake yi, musamman a 1968 da ya fito fili ya la'anci mamayar da Tarayyar Sobiyet ta yi wa Cekoslobakiya. Turawan yamma suka rungume shi, har Sarauniyar Ingila ta ɗauke shi a keken dokinta a 1978. Amma tun bayan ziyarar da ya kai Sin da Koriya ta Arewa a 1971 ya ga yadda ake ɗaukaka shugaba, ya dawo da wannan sha'awa. A 1974 da aka rantsar da shi shugaban ƙasa, sanda aka miƙa masa ya riƙe, irin wadda ake ba sarki ranar naɗi.

Matarsa Elena ba ta wuce firamare ba a ƙuruciyarta, a masaƙa ta yi aiki. Sai ga ta da digirin dakta a kimiyyar haɗa sinadarai, ita ce shugabar babbar cibiyar binciken sinadarai ta ƙasar, ana buga sunanta a kan ayyukan da masana suka yi. A 1973 ta shiga kwamitin ƙoli na jam'iyya, a 1980 ta zama mataimakiyar firaminista ta farko, kuma harkar naɗi da sauke manyan ma'aikata ta koma hannunta. Ɗan'uwansa Iliye janar ne kuma mataimakin ministan tsaro. Wani ɗan'uwan, Nikolae Andrutsa, shi ma janar ne, shi ke shugabantar makarantar horar da jami'an Sekuritate, wato 'yan sandan cikin da suka hana mutanen ƙasar yin magana ko a cikin ɗakunansu. Cikin sauran 'yan'uwan kuwa, Marin yana Biyana yana riƙe da ofishin cinikin ƙasar da waje. Yon yana cikin manyan masu tsara tattalin arziki da noma, Floreya yana jaridar jam'iyya, wata 'yar'uwarsu tana kula da makarantun lardinsu, mijinta kuma yana cikin manyan da ke riƙe da harkar noma. Ɗan'uwan Elena ma an ba shi nasa rabon a gwamnati. Autan 'ya'yan Caushesku da Elena, Niku, shi ne shugaban matasan jam'iyya, a 1987 aka ba shi lardin Sibiyu, kuma kowa ya san shi ake shiryawa ya gaji uban. Duk inda ka juya, bindiga ko kuɗi ko abinci ko labari, akwai ɗan gidan a bakin ƙofa.

A daidai wannan lokaci kuma aka ce wa mutum miliyan 23 su ɗaure ciki. Caushesku ya ƙuduri niyyar biyan bashin waje, fiye da dala biliyan 10, kafin lokacinsa, saboda haka nama da hatsi da duk abin da zai kawo kuɗi sai a fitar da shi waje. Burodi da sukari da man girki suka koma sai da kati. Ana ɗauke wuta da iskar ɗumama ɗaki a ƙasar da ruwa ke daskarewa da sanyi. Talabijin awa biyu yake yi a rana, yawancinsa labarin shi da matarsa. An hana tazarar haihuwa, iyaye suka kasa ciyar da 'ya'ya, gidajen marayu suka cika. Ya rushe wani babban yanki na tsohon birnin Bukarest, aka tashi dubun dubatar mutane, don ya gina fadar da har yau tana cikin gine-ginen gwamnati mafiya girma a duniya. A 1988 ya sanar da shirin rushe kusan rabin ƙauyukan ƙasar, waɗanda suka kai 13,000, a kwashe manoma a zuba a gidajen bene. A watan Afrilun 1989 ya ce an gama biyan bashin. Wata takwas bayan nan aka harbe shi.

Mu da SAP ke gasa wa aya a hannu, ba sai an yi mana fassarar wannan ba. A watan Mayun shekarar nan ɗalibai suka yi bore a biranen Nijeriya a kan tsadar rayuwa. Mun san yadda ake ji idan aka ce ka yi haƙuri don ƙasa, alhali wanda ya faɗa maka bai rage ko loma ɗaya ba.

Duk da haka ba a taru an zama ɗaya a teburin mai shayin ba. Akwai wani dattijo tela da ba ya rasa zama, mutumin kirki, mai yawan zumunci. Wata rana ya gyara mayafinsa ya ce, "Ni fa zaluncin na ji, kuma Allah ya isar wa mutane. Amma zancen 'yan'uwan nan da kuke ta yi, har yanzu ban ga laifinsa ba. Naka sai naka. Da ya bar su a ƙauye suna fama da garma, ku ɗin nan ku ne za ku fara cewa ya samu duniya ya manta da gida." Wasu suka gyaɗa kai. Limamin unguwarmu, wanda ba kasafai yake sa baki a hirar siyasa ba, ya ce, "Alhaji, da dukiyarsa ya jawo su, ko da ta mutane?" Sannan ya kawo tarihin Umar ɗan Abdul'aziz, wanda da ya hau halifanci ya fara da gidansa, ya mayar da filaye da dukiyar da danginsa Banu Umayya suka mallake zuwa baitulmali, matarsa Fatima, 'yar halifa kuma 'yar'uwar halifofi, ta miƙa kayan adonta. Ya ce dangin sun yi fushi da shi matuƙa, har suka tura gwaggonsa ta je ta yi masa magana, bai sauya ba. Ya kuma tuna mana cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, da ajali ya zo masa, bai yarda a sa ɗansa Abdullahi cikin waɗanda za a zaɓa ba. Tela ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai waɗannan su ne su." Liman ya ce, "To ai don mu aka rubuta."

Ni a wannan dare Yayana nake tunani. Maganar da tela ya yi ita ce maganar Kawu, ita ce kuma maganar Inna, kuma babu mugu a cikinsu. Mu mutane ne da ba mu da wani inshora sai dangi. Idan ciwo ya zo, ko gobara, ko fari, ɗan'uwa ne ke tsayawa, gwamnati ba ta san kana yi ba. Yaron da ya yi karatu ya samu aiki, ba shi kaɗai ya yi karatun ba, akwai maraƙin wani a ciki, da kuɗin ƙuli-ƙulin wata. Saboda haka idan suka zo neman sakayya ba su ga sun yi roƙo ba, bashi suka zo karɓa. Matsalar ita ce abin da ke hannun yaron ba nasa ba ne. Albashinsa nasa ne, yana iya rabar da shi duka a kira shi ɗan albarka. Makullin sito kuwa, da takardar ɗaukar aiki, da kujerar Makka, da kwangilar rufin aji, amana ce ta mutanen da ba su da kowa a ofis. Duk wanda ya biya bashin dangi da wannan, ya ɗauki hakkin wani ya ba wani ne, ko da kuwa wanda ya ba ɗin uwarsa ce. Kuma abin ba ya tsayawa a buhu ashirin. Wanda aka ɗora a kujera don jini ba a iya sauke shi idan ya gaza, ba a iya bincikarsa idan ya ci, kuma shi ba zai taɓa faɗa wa mai gidan gaskiya ba, don abincinsa a nan yake. Haka Caushesku ya wayi gari duk waɗanda ke kewaye da shi nasa ne, har ya tsaya a gaban taron nan yana mamakin ihun da ake yi masa.

Abin da ya samu dangin daga baya ya daɗe yana damuna, don a nan ne na ga zumuncin nan bai amfani ko su kansu ba. Kwana uku bayan harbin, ranar 28 ga Disamba, aka tarar da Marin a rataye a ginin ofishinsa a Biyana. Andrutsa aka ɗaure shi shekara 15. Niku aka yanke masa shekara 20 a 1990, aka sake shi a 1992 saboda ciwon hanta da shan giya ya jawo masa, ya mutu a wani asibiti a Biyana a 1996 yana da shekara 45. Yaron da aka shirya wa ƙasa guda ke nan. Sauran 'ya'yan biyu ba su shiga mulki ba. Valentin, babban, masanin kimiyyar nukiliya ne da ya yi karatu a Landan, abin da aka fi saninsa da shi a waje shi ne kusancinsa da ƙungiyar ƙwallo ta Steaua, wadda ta ci kofin Turai a 1986. Zoya masaniyar lissafi ce, kuma an san ba ta jituwa da uwarta. Duk da haka su ma an kama su, suka yi watanni a tsare, aka ƙwace kayansu, aka sake su ba tare da an same su da laifi a kotu ba. Ba zan ce ba su ci daɗin gidan ba, sun ci, a ƙasar da ake layin burodi. Amma sunan da ya buɗe musu ƙofofi shi ne ya zame musu kaya har ƙarshen rayuwa.

Labarin Zoya ya fi taɓa ni. An binne iyayenta a ɓoye, cikin gaggawa, a maƙabartar Genceya da ke Bukarest, kuma ba ta taɓa yarda cewa su ne a cikin kaburburan da aka nuna ba. Ta yi shekaru tana zuwa kotu tana neman a tabbatar mata. Ciwon daji ya kashe ta a 2006 ba ta samu amsa ba. Sai a 2010 aka tono gawarwakin bisa buƙatar mijinta da Valentin, gwaji ya tabbatar da gawar uban, amma bai iya tabbatar da ta uwar ba. A da da na karanta wannan, labarin nesa ne. Yanzu kuwa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa akwai gidaje da yawa da 'yan bindiga suka shiga daji da nasu bai dawo ba, ba gawa ba kabari, kuma na zauna da irin waɗannan iyalai na ga yadda rashin sanin makwancin mutum yake cin rai. Ko 'yar azzalumi ce, wannan ba abin da zan yi wa wani fata ba ne, kuma shari'ar awa guda da aka yi wa iyayenta ba shari'a ba ce, komai girman laifinsu.

Da na waiwaya gida, sai na ga mu ma muna da namu misalan, ta kowane ɓangare. Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, kuma tun daga lokacin ake ta dawo da ɗaruruwan miliyoyin daloli daga Suwizalan da wasu ƙasashe, ɗansa ya yi shekaru a tsare, sunan gidan yana yawo a kotunan duniya. A ɗaya gefen kuma akwai Malam Aminu Kano, wanda ya yi minista, ya jagoranci jam'iyyar da ta ci jihohi biyu, ya rasu a Afrilun 1983 a gidansa na Gwammaja da kowa zai iya zuwa ya gani yau. Balarabe Musa ya koma gonarsa da gidansa na Kaduna har ya rasu a Nuwambar 2020, ba a taɓa jin wani ɗan gidansa da ya zama attajiri da kuɗin jiha ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne sakataren gwamnatinsa, Dakta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, ɗan Durɓin Katsina, jikan Sarki Muhammadu Dikko. Duk abin da Caushesku ya yi ta faman ƙera wa gidansu, shi a ciki aka haife shi, amma ya zaɓi allo da alli a Jami'ar Ahmadu Bello da tsayawa tare da talakawa har ya rasu a 2005. Wannan ya nuna mini cewa sunan tsari ba ya hana komai. Ɗan mai garma ya hau mulki da sunan talakawa ya mai da gidansu gidan sarauta, ɗan sarki kuma ya bar abin da ya gada. Abin yana ga mutumin, yana kuma ga ko akwai majalisa da kotu da jarida da za su iya ce masa a'a.

Yayana bai daɗe a wajen rabon takin ba, aka mayar da shi wani ofishi da babu abin rabawa, zauren gidanmu ya koma yadda yake. Ya yi ritaya da gida ɗaya da gona da tsohon babur. Shi da Kawu sun shirya daga baya, lokacin da Kawu ya kwanta ciwo aka kawo shi asibiti a Funtuwa, Yaya ne ya sayar da masararsa ya biya kuɗin magani, shi ne kuma ya kwana a gefen gadonsa. Ba su taɓa tayar da zancen takin ba, amma har Inna ta rasu akwai matan dangi da ke kiran Yaya mai busasshen hannu.

Yau idan muka zauna muna zagin shugabanni a kan sun cika ofisoshi da 'ya'yansu da surukansu, gaskiya muke faɗa, amma rabinta ce. Sauran rabin yana zaurukanmu. Mu ne iyaye da kawunnai da gwaggwanni da ke tashi da asuba mu tafi gidan kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ko shugaban makaranta, mu tuna masa wahalar da muka sha a kansa, mu ce ya sa sunan ɗanmu a gurbin malamin asibiti alhali yaron bai karanci aikin ba, a yankin da mace mai naƙuda ke rasa wanda zai duba ta. Idan ya ƙi mu yanke gaisuwa, idan ya yi kuma aka kama shi mu ce ƙaddara ce. Ina roƙon duk wanda Allah ya ɗaga wani nasa a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ko a ina ne ma, ya nemi taimakonsa daga abin da yake nasa, ya bar masa na jama'a ya raba yadda doka ta ce. Idan kuma ya ce maka wannan ba zai yiwu ba, kada ka fasa zuwa sunan ɗansa.